Ni Ce Bakin Ma'azu

Ranar Laraba ce, mako na biyu da buɗe lakwal, wato makarantar boko, a shekarar da na shiga aji shida. An gama yankan gero ana cikin cirar gyaɗa, rabin 'yan ajinmu ma ba su dawo ba don suna gona. Ajin namu rumfar kara ce da iyayenmu suka kafa a gefen ƙauye, cikin karkarar Yekuwa. Muna zaune kan yashi, kowa da allonsa bisa gwiwa, malaminmu Mushe Idi, kamar yadda muke faɗin monsieur na Faransanci, yana zagayawa yana duba lissafi. Da ya iso kaina sai ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin da nake zuba alli da guntun bik, wato biro, a ciki. Tsohon gwangwanin madarar jarirai ne, Baba ya sayo shi fanko a kasuwar tsallaken iyaka don Inna ta riƙa zuba gishiri, ni kuma na nace har ta bar mini. Na ɗauka wani laifi na yi. Shi kuwa sai jujjuya gwangwanin yake yana karanta rubutun jikinsa, kamar wanda ya yi kiciɓis da tsohon aboki a kasuwa.

Mushe Idi ya fara karatun harsuna a jami'a a Yamai, mahaifinsa ya rasu, dole ta sa ya bari ya kama koyarwa. Son kalmomi dai bai bar shi ba. Ya je gaban babban allo ya goge lissafin da hannun rigarsa, ya rubuta kalmar da ya gani a gwangwanina: infant. Ya ce Ingilishi ce, harshen da za mu fara in Allah ya kai mu kwalej, makarantar gaba da firamare, kuma tana nufin jariri. A ƙarƙashinta ya rubuta enfant, wadda muka sani a Faransanci. A ƙarƙashin wannan ya ƙara ta uku, infans, ya ce ita ce uwarsu su biyun, daga Latin ta fito, harshen Rumawan da, wanda yanzu babu uwar da ke yi wa ɗanta rarrashi da shi. Sai ya ja layi ya raba ta biyu. Ya ce in na nufin babu, fans kuma ta fito daga fari, wato yin magana. Da muka ji haka sai dariya ta kama mu, don mu a wurinmu fari shi ne ɗaukewar ruwa. Wani yaro mai suna Sani ya kasa haƙuri ya ce, “In fari ya zo, Allah ya kiyaye.” Nan take aka rataya masa sambol, ƙashin kan akuyar nan da ake sa wa duk wanda ya yi Hausa a lakwal.

Ranar dai Mushe da kansa ya karya dokar, don da ya ga Faransancin ya fi ƙarfinmu sai ya koma Hausa. Ya ce asalin kalmar yana nufin wanda ba ya magana. Ya ce a wurin mutanen nan, yaro ko da ya fi aku surutu, muddin bai cika shekara bakwai ba a cikin marasa baki yake, saboda ba a karɓar maganarsa a gaban alƙali. Ni da ba na cika tambaya ba, sai ga hannuna a sama. Na tambaye shi, to wanda ya wuce bakwai ɗin kuma har yanzu ba ya magana fa? Duk ajin suka juyo suna kallona, don kowa ya san ƙanena Ma'azu. Mushe ya ɗan jima yana murza alli a yatsunsa, sannan ya ce iyakar abin da ya sani, irin wannan sukan ɗauke shi kamar yaro har tsufansa, wani ne ke tsayawa ya yi magana a madadinsa. Na koma gida ranar ina jin kaina wata babba, domin a duk garinmu ni ce wannan wanin.

Ma'azu ba a haife shi bebe ba. Shekara uku na ba shi, kuma tun yana tatata bakinsa bai taɓa hutawa ba, har mutanen unguwa suka sa masa suna Rediyo. In muna tafiya rijiya da sassafe, ni da tulu shi da ɗan bokiti, tun daga ƙofar gida yake ba ni labari har mu je mu dawo. Yakan kwaikwayi muryar mai tallan kananzir, da kukan jakin maƙwabta, da yadda Gwaggo ke tari kafin ta fara faɗa. In Inna na surfe sai ya tsaya gefen turmi yana ƙirga dukan taɓarya da babbar murya, ya kai goma ya koma ɗaya. Inna takan ce masa, “Baki shi ke yanka wuya,” shi kuma ya kama wuyansa ya faɗi ƙasa ya yi kamar ya mutu, har sai ta yi dariya.

Yana da shekara biyar sanƙarau ya kama shi, cikin tsananin zafin bazara. Da safe yana wasan langa a ƙofar gida, kafin la'asar wuyansa ya ƙage, jikinsa ya yi zafi kamar kaskon tuya. Baba ya aro amalanke aka shimfiɗa masa tabarma a ciki aka kai shi gidan likita a Yekuwa. Sun fi mako a can, ni ina gida wurin Gwaggo ina kiwon awaki. Da suka dawo ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma da ransa, aka yi ta zuwa barka. Sai bayan kwana biyu Inna ta saki kwano a bayansa, kaji suka watse, shi ko waiwaye bai yi ba.

Maganar ba lokaci ɗaya ta tafi ba. Da farko yana yi kamar da, sai dai da ƙarfi, kamar mai kiran wani daga wancan gefen gona. Daga nan kalmomin suka fara lanƙwashewa, ƙarshensu yana gutsurewa. In ya ce gero sai a ji wani abu dabam, yara su kwashe da dariya, shi kuma ya bi fuskokinsu da kallo bai san abin da ya faɗa ba. Ina ganin kalmominsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya kamar ganyen gawo in damina ta kama. Kafin ya cika takwas saura guda ɗaya tak, Yaya, sunan da yake kirana da shi, ita ma ta koma Aya. An kai shi lakwal sau ɗaya, ya zauna kwana uku yana kallon bakin malam, aka ce wa Baba ya mayar da shi gida.

A cikin shekarun nan ne ni da shi muka ƙera namu harshen da hannu. Babu wanda ya koya mana. In ya shafi haɓarsa yana ja ƙasa kamar mai gyara gemu, Baba yake nufi. In ya dunƙule hannu biyu yana dukan iska, Inna ce mai daka. Ni kuma rubutu a tafin hannu. Muna da alamar akuya, da ta ruwa, da ta yunwa, da ta ƙarya, da ta jiya da gobe. A gindin tsamiyar bayan gidanmu muke zama muna carafke da 'ya'yan dabino, yana ba ni labarin duk abin da ya gani a wurin kiwo, kuma da hannun ma bai fasa kwaikwayon mutane ba. Inna da Baba sun san alamu kaɗan na ci da sha da aike. In magana ta yi tsawo sai a ce a kira Barira. Wanda akuyarsa ta ɓata yakan zo gidanmu, don idon Ma'azu ba ya mantuwa, in tambaye shi in faɗa musu inda ya gan ta. Tsofaffi sukan yi murmushi su ce, “Gani ya kori ji.”

Bai fi kwana goma da darasin nan na Mushe Idi ba aka yi gobara a gonar Malam Haru, dattijon da muke iyaka da shi. Ya tara dammunan geronsa duka a wuri ɗaya yana jiran amalanke ta kwashe masa. Muna aji da hantsi muka hango hayaƙi, Mushe ya sallame mu muka ruga. Kafin mutane su isa abincin shekarar gidan ya zama toka. Mutum ɗaya aka tarar a wurin, Ma'azu, riƙe da reshen sabara da ya ƙone, fuskarsa baƙi ƙirin, tafin hannayensa duk sun tashi. Kowa ya san yaran kiwo suna gasa gyaɗa a gona a wannan lokaci. Ba a tsaya tambaya ba, 'ya'yan Malam Haru suka riƙo shi a wuyan riga har ƙofar gidanmu, aka ce gobe da safe a haɗu a wurin mai gari.

Da la'asar, bayan Inna ta shafa masa man shanu a hannu, ya ja ni gindin tsamiya ya faɗa mini komai, yana cije leɓe don zafin motsa yatsu. Baba ne ya ga kububuwa ta shige cikin tarin ƙayar da ke kan iyakar gonakin biyu, daidai inda Ma'azu ke bi da awaki kullum. Ya ƙyasta ashana ya cinna wa ƙayar don ya kashe ta. Sai guguwa ta taso ta sure wutar ta watsa a kan dammunan. Su biyu suka yi ta bugun wutar, da ta gagara Baba ya ruga ta kwari wai zai kira mutane. Ya dawo a cikin mutanen, bai ce komai ba. Ma'azu bai ga laifin kowa a ciki ba. Har alfahari yake yi yana nuna mini yadda shi da Baba suka yi yaƙi da wuta.

Daminar shekarar da ta gabata ba ta yi kyau ba, mun sha tafasa da dusa har cikinmu ya saba. A wannan shekarar ne Allah ya cika mana rumbu. Ko ni da shekara goma sha biyu na san cewa in aka ce magidanci ne ya cinna wuta, rumbunsa ne zai koma gidan wanda aka ƙona wa. In kuwa yaro ne, yaron ma kurma, sai a ce ƙaddara. Babu wanda ya kira ni ya ce in yi ƙarya, wannan zan faɗa ko a gaban Allah. Baba bai ko dube ni ba. Da safe ina tankaɗe a tsakar gida Inna ta zo ta tsuguna kusa da ni tana tsince tsakuwa daga wake, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Rumbunmu ɗaya ne, Barira.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

A gindin dalbejiyar ƙofar mai gari aka taru. Maza suna zaune kan tabarmi, Baba a gefe ya sunkuyar da kai, Malam Haru yana jan carbi idanunsa jajir. Aka tsayar da ni kusa da Ma'azu, mai gari ya ce in tambaye shi yadda aka yi. Na tambaye shi. Ya gyara tsayuwa ya fara bayani da kumburarrun hannayensa, dalla-dalla, don kada in rasa ko ɗaya. Ya shafi haɓa, ya yi tafiyar maciji, ya ƙyasta ashana, ya juya yatsa sama kamar guguwa. Mutane sun zuba masa ido ba su gane komai ba. Da ya gama ya dube ni ya gyaɗa kai, wato in faɗa musu.

“Me ya ce?” in ji mai gari.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ya ce gyaɗa yake gasawa, iska ta kwashe wutar. Ya ce a yafe masa.”

Ma'azu yana kallon bakina yana murmushi, yana gyaɗa kai ga kowace kalma. Wannan gyaɗa kan ne ya gamsar da kowa.

Mai gari ya ce yaron da ba ya ji ba a kama shi da biya, sai dai ubansa ya hore shi a gaban jama'a don zukata su yi sanyi, kuma kowane gida ya taimaka wa Malam Haru da abin da ya sawwaƙa. Baba ya miƙe a hankali kamar tsoho, ya karyo tsumagiya. Bulalar farko Ma'azu bai yi kuka ba, mamaki ne ya cika fuskarsa. Ya juyo wurina yana sake shafar haɓarsa, yana sake yin maciji, da sauri da sauri, a zatonsa ban gane ba ne. Ana dukansa yana maimaita mini. Ya kira ni da kalmar nan tasa guda ɗaya, sau biyu. Na kafe idona a ƙasa. Da na ɗago, ya sauke hannayensa, yana kallona kawai. Ya gane.

Gudummawar da aka tara ba ta kai gidan Malam Haru ko'ina ba. Kafin bazara sun sayar da sansu na noma, samarin gidan biyu suka tafi ci-rani, matansa suna bin daji neman ganye. Mu kuwa muka ci geronmu har sabo ya fito. Ni nake surfa shi, ni nake kai niƙa, amma ban san ɗanɗanon tuwon shekarar ba. Yara suka canja wa Ma'azu suna zuwa Mai Wuta, in ya shiga gida mata su ɓoye ashana. Masu ɓatan akuya suka daina zuwa. Hannayensa sun warke da tabo, amma bai sake ɗaga mini su ba. In na nufo shi sai ya harɗe su a baya. Na yi masa alamar haƙuri, na yi ta ƙarya ina nuna ƙirjina, na ajiye masa ƙuli-ƙuli a inda yake kwana. Yakan ci, ya yi aikensa, ya fita da awaki, ya dawo. Da ma “magana zarar bunu ce,” tawa kuwa da sunansa na zare ta. Sau da yawa na tsaya bayan an tashi daga aji da niyyar faɗa wa Mushe Idi, sai in ce masa sai gobe kawai in wuce.

Na ci jarrabawar sartifika a ƙarshen shekarar, aka tura ni kwalej a Magariya, na zauna a gidan wata 'yar uwar Inna. A can na fara Ingilishi. Ranar da na fara samun babban ƙamus a hannuna kalmar nan na nema, na tarar duk abin da Mushe ya faɗa haka yake, an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashinta. Na rufe littafin na mayar.

Ina aji uku a kwalej Baba ya kwanta ciwon ajali. Inna ta ba ni labari daga baya cewa kwana biyu kafin ya cika ya sa aka kira masa Ma'azu, ya riƙe hannayensa biyu, ya daɗe yana yi masa magana hawaye na bin gemunsa. Ma'azu yana durƙushe yana kallon leɓunansa. Babu mai fassara masa, ina Magariya ina jarrabawa. Har yau ban san ko ya fahimci gafara ake nema a wurinsa ba.

Yana wajen shekara goma sha shida ya bi masu kora shanu zuwa kudu. Ya dawo sau biyu, kowane zuwa da turmin atamfa na Inna. A zuwan na biyu na iske shi a gida, ya zama dogon saurayi mai faɗin kafaɗa, ya gaishe ni da sunkuyar da kai kamar yadda ake gaida baƙuwa. Tafiya ta uku bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi yana dako a wata tasha a Kano. Na je da kaina a wani hutu, ba ni da ko hotonsa, ina bin tasha tasha ina tambayar wani bebe mai tabon wuta a hannu. Aka nuna mini mutum huɗu. Dukansu sun tarbe ni da fara'a, suna yi mini alamun da ban sani ba.

Yanzu ni ma koyarwa nake a wata lakwal a Magariya, ina da 'ya'ya uku, duk masu baki. In an yi hutu nakan hau moto in je ƙauye wurin Inna, wadda ido ya fara yi wa nauyi. A da, in ɗa ya tafi ci-rani, uwarsa sai ta jira matafiyi ya kawo mata labari, kowace uwa da irin jiran 'yar uwarta. Yanzu kusan kowane gida da salula. Da hantsi mata sukan taru a rumfar mai cajin waya, a danna musu su ji muryoyin 'ya'yansu daga Agadas, daga Libiya, daga Ikko, wannan yana gaida kowa da kowa da suna, wancan yana tambayar ko akuyarsa ta haihu. Inna takan zauna a cikinsu ta saurari na mutane har a watse. In mun dawo gida sai ta taɓa jakata ta ce in duba tawa, ko an aiko. Ɗanta ba shi da muryar da zai aiko, ba a koya masa rubutu ba, bai kuma san lambar kowa ba. Duk da haka nakan ciro wayar in duba, in daɗe ina dubawa, sannan in ce mata tukuna dai. Wani jiran ba shi da ranar ƙarewa, sai dai mai yinsa ya ƙare.